Kafin Ku Biya Kuɗin Jarrabawar Turanci: Nasiha ga Ƙannena na Dogon Daji



A 'yan shekarun nan babu tambayar da ta fi zuwa mini daga wajenku kamar ta jarrabawar Turanci. Wani ya gama digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya ga sanarwar tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth ko PTDF, jami'ar da yake nema a Ingila ta ce sai ya kawo sakamakon IELTS. Wata ta gama karatun jinya a Sakkwato, tana son rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya. Wani kuwa bai ma kai nan ba, Turancin WAEC ne ya zaunar da shi a gida shekara biyu. Kusan dukkanku abu ɗaya kuke son ji: wane littafi zan saya, wace cibiya zan shiga, mako nawa zai ishe ni? Ni kuma abin da zan gaya muku ba mai daɗin ji ba ne. Harshe ba ya zama a bakin mutum cikin mako shida. Wanda ya fara da biyan kuɗi ya bar shiri daga baya, galibi sau biyu yake biya.

Ku fara sanin abin da za ku shiga. IELTS ta soma ne a 1989, kuma ƙungiyoyi uku ke da ita: British Council, da IDP ta Ostareliya, da sashen jarrabawa na Jami'ar Cambridge. Iri biyu ce, akwai ta masu neman karatun jami'a da rajistar aikin lafiya, akwai ta masu neman zama ko aiki kawai. Ta farkon ce ta shafe ku. Sassanta huɗu. Sauraro minti 30 ne da tambaya 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Karatu minti 60, dogayen rubuce-rubuce uku, tambaya 40. Rubutu shi ma minti 60. Sai magana, minti 11 zuwa 14, kai da mai jarrabawa. Maki mafi girma shi ne 9. Jami'o'in Birtaniya da yawa suna neman 6.5 ga mai son digiri na biyu, kuma sukan ce kada wani sashe ya yi ƙasa da 6. Hukumar ma'aikatan jinya tana neman 7, da sassaucin 6.5 a rubutu. Ta likitoci 7.5 take nema. Bayan shekara biyu sakamakon ya daina aiki. TOEFL ta Amurka, wadda ta girme ta, don tun 1964 ake yin ta, tsarinta daban ne, amma abubuwa huɗun nan dai take aunawa.

Ku sake duba sassan nan. Babu inda za a ce ka kawo ma'anar suna ko aikatau, ko ka lissafo ƙa'idojin nahawu. Za a sa ka ji, ka karanta, ka rubuta, ka faɗa, agogo yana tafiya. Nan ne matsalarmu take. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, daga nan a koma Turanci. Kun fi ni sanin yadda abin yake a ƙasa. Malam ya rubuta darasi a allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa. Ba na ɗora laifin a kan malaman. Wanda aka ba aji cike maƙil babu littattafai, abin da zai iya ke nan. Amma sakamakon shi ne ɗalibi ya gama jami'a da dubban kalmomin da idonsa ya sani, kunnensa bai taɓa jinsu ba, bakinsa bai taɓa furta su ba.

Wasu daga cikinku har sun yanke wa kansu hukunci cewa Basakkwace ba ya iya harshen wasu. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin tarihin ƙasar da kuke takawa ya ƙaryata ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu bai sha Larabci a nono ba, bai kuma zauna a ƙasar Larabawa ba, amma ya wallafa littattafan nahawu da sarfu da tafsirin Alƙur'ani da Larabci, har yau ana karanta su. Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna a Tambuwal ɗin nan tamu, mawaƙi ne da Larabci. Nana Asma'u da harshe uku ta yi rubutu: Fulatanci da Hausa da Larabci. Ta yaya suka kai haka? Ta hanyar da kowannenku ya sani daga makarantar allo da zaure. Kullum ake yi, da baki ake yi a bayyane, kuma a gaban wanda zai tsayar da kai ya ce sake. Ba ka wuce shafi sai ka biya shi daidai. Da boko ya zo, Kwalejin Katsina ta yi suna wajen horar da ɗalibanta furta Turanci, kuma a can Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ɓalewa ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, ya yi jawabin da har yanzu ake saurare don daɗin lafazinsa, kuma shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Turancinsa bai rage masa komai a Hausarsa ba. Duk nasihar da zan yi muku a ƙasa, hanyar zauren nan ce: kullum, a bayyane, a gaban mai gyara.

Ku ba kanku wata shida zuwa shekara. Cambridge da kanta tana ƙiyasta cewa mai koyo yana bukatar kimanin awa 200 na karatu tare da mai koyarwa kafin ya tashi daga wani mataki zuwa na gaba. In awa ɗaya kake samu a rana, ka ga kusan wata bakwai ke nan. Kafin komai, ka nemi ɗaya daga cikin littattafan tsofaffin tambayoyi da Cambridge ke fitarwa, ka zauna da agogo, ka yi jarrabawa guda cikakkiya ba tare da leƙen amsa ba. A sauraro da karatu, wanda ya ci kimanin 30 cikin 40 yana wajen maki 7, wanda ya ci 23 yana wajen 6. Abin da ka samu shi ne matsayinka na gaskiya, ko da bai yi maka daɗi ba. Daga nan ake tashi.

Kunne shi ne farkon abin da za ku yi wa aiki, kuma a nan Allah Ya ba mu gado. Mu mutanen rediyo ne. Tun 1957 iyayenmu ke jin Sashen Hausa na BBC, manomi a gona da rediyonsa a rataye. To idan an gama labaran Hausa, ka murɗa zuwa sashen Turanci, ka ba shi rabin awa. Da farko za ka ji kamar ruwa ake zubawa. Kada ka kashe. Amma jin sama-sama kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da sauraro na tsanaki. BBC tana da gajerun shirye-shiryen koyon Turanci na minti shida, kowanne da rubutaccen abin da aka faɗa. Ranar da ka samu sabis mai kyau, ka sauke guda ashirin a waya. Ka ɗauki ɗaya ka saurara ba ka duba rubutun ba. Ka sake kunnawa kana tsayarwa, kana rubuta duk abin da ka ji. Sannan ka buɗe rubutun ka gwada da naka. Inda ka rasa, sau da yawa za ka tarar kalmar da ka sani ce sarai, ba ka dai san haka ake furta ta ba. A ƙarshe ka bi bayan mai maganar da bakinka, jimla bayan jimla, kamar yadda kake bin malam a karatu.

Kuma ku da ke cika gidan kallon ƙwallo ranar Asabar, minti casa'in kuke yi Bature yana magana a kanku, ba wanda ya kula shi. Ku riƙa ba shi kunne ko na minti goma.

Ku sani a jarrabawar za ku ji lafazin Ingila da na Ostareliya da na Amurka. Ana yawan kafa tarko: mai magana ya faɗi rana ko farashi, can sai ya ce a'a, ya canza. Wanda ya rubuta na farko ya ɗauke hankalinsa ya faɗi. Lambobi irin 15 da 50 suna kama da juna a bakinsu. Amsar da ka ji daidai amma ka rubuta harafi ɗaya ba daidai ba, ba a ba ka makinta.

A karatu ba zan tsawaita ba, don nan ne muka fi ƙarfi. Abokin gabanku lokaci ne, minti 20 ga kowane rubutu. Ku karanta Daily Trust kullum, ko a waya. In labari ya yi nauyi ku nemi irinsa a Aminiya, ku dawo. Paul Nation, masanin koyon harshe a New Zealand, ya nuna cewa mai son karanta jarida ko littafin Turanci ba tare da yawan tuntuɓe ba yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Wannan ba a haddace shi daga ƙamus, sai ta yawan karatu. Akwai kuma jerin tushen kalmomi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, waɗanda suka fi yawo a rubutun jami'a. Kyauta yake a intanet, kuma ya cancanci a bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowace kalma a sa ta cikin jimla. Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai: akwai tambayar da za a ce ka zaɓi ko magana gaskiya ce, ko ƙarya, ko ba a ambata ba. Abin da ke cikin rubutun kawai ake nufi. Iliminka na waje ka ajiye shi a ƙofa.

Rubutu shi ne inda na fi ganin hawayen mutanenmu, har da masu digiri biyu. Aiki biyu ake bayarwa. Na farko, a ba ka zane ko jadawalin alƙaluma ka bayyana shi da kalma 150 ko fiye. Na biyu, a ba ka wata mas'ala ka faɗi ra'ayinka ka kare shi da kalma 250 ko fiye, kuma makinsa ninki biyu ne na na farko. Don haka minti 20 ga na farko, 40 ga na biyu, kada ku juya.

Tarbiyyarmu ta koya mana kada mu afka wa magana. Sai an yi gaisuwa, an yi shimfiɗa, an kewayo, sannan a taɓa abin da ya kawo mutum, shi ma a hankali. Wannan ladabi ne mai kyau, ku riƙe shi a gida. A takardar nan kuwa mai dubawa yana so tun a sakin layi na farko ya san ina ka tsaya. Daga nan kowane sakin layi ya ɗauki hujja ɗaya, ya bayyana ta, ya kawo misali. Wata cutar kuma ita ce dogon Turanci. An saba mana tun sakandare cewa gwani shi ne wanda ya jero kalmomin da ba wanda ya gane. Mai dubawa abu huɗu yake aunawa: ko ka amsa abin da aka tambaya, ko maganarka na bin juna, yalwar kalmominka, da ingancin nahawunka. Babbar kalma da aka sa inda ba muhallinta ba rage maki take yi. Haka ma rubutun da aka haddace daga wata cibiya aka zo aka juye. An horar da masu dubawa su gane shi.

Abin gwaji yana ƙofar gidanku. Ka je kasuwa ka tambayi farashin buhun gero da na albasa, ko ka tambayi Baba yadda suka kasance daga kaka zuwa rani zuwa bazara zuwa tsakiyar damina. Ka zana jadawali da hannunka, ka bayyana shi da Turanci: yaushe ya hau, yaushe ya faɗi, wanne ya fi saurin canzawa. Aiki na farko ke nan, babu ragi. Na biyu kuma, ka ɗauki gardamar da ake yi a majalisarku: ko gwamnati ta sa kuɗi a tallafin taki ko a gyaran makarantu, ko barin matasa ƙauye zuwa birni alheri ne. Ka yi tunanin hujjojinka da Hausa, babu laifi, har ma na fi son haka, domin wanda bai iya tsara hujja da harshensa ba, ba zai iya da na wani ba. Amma in ka ɗauki biro, kada ka riƙa juya jimlar Hausa kalma bayan kalma. Ka yi gajerun jimlolin da ka tabbatar da su, tsawon zai zo da kansa.

Kurakuranmu sanannu ne. A Hausa lokacin aiki yana kan ɗan wakilin da ke gaban aikatau, mu ce ya tafi, zai tafi, yana tafiya. A Turanci jikin aikatau ɗin ne ke canzawa, shi ya sa muke yawan mance ƙarshensa. Ƙananan kalmomin da suke sawa gaban suna su ma suna ba mu wahala. Kowa ya tanadi littafi guda na kurakuransa shi kaɗai. Kuma dole a samu mai gyara. Rubutu ashirin da ba wanda ya duba, kuskure ɗaya ne aka maimaita sau ashirin. Ka je wurin malamin Turancinka na sakandare da ladabi, ka roƙe shi ya duba maka ɗaya a mako, ka kuma riƙa kyautata masa gwargwadon hali. In a kwamfuta za ka yi jarrabawar, ka koyi buga rubutu tun yanzu. Latsa waya da babban yatsa daban yake da allon kwamfuta.

Sai magana, inda kunya ke kashe mu. Na san abin da ke faruwa idan yaro ya buɗe baki da Turanci a bakin kasuwa: a yi masa dariya, a ce ga Bature. Ku daure. Mai dariyar ba shi zai zauna muku jarrabawa ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu bayan la'asar, rabin awa ba Hausa. Masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa makarantunmu daga kudu, da yawansu kaɗaici ke damunsu. Ku ja su a jiki, ku koya musu Hausa, su yi muku hira da Turanci. A sashe na biyu na maganar za a miƙa maka kati da batu, a ba ka minti ɗaya ka shirya, ka yi magana har minti biyu. Ka gwada yau da agogo, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka sha mamakin tsawon minti biyu.

Ba a neman ka koma ɗan Landan. Lafazinka na Bahaushe ba laifi ba ne muddin ana gane ka. Abin da za ka gyara shi ne inda ma'ana ke rikicewa: bambancin p da f, da na b da v, da wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe biyu. Kuma amsar kalma ɗaya da sunkuyar da kai, wanda a gida alamar tarbiyya ce a gaban babba, a ɗakin nan ba ta ba mai jarrabawa abin da zai auna. Ka amsa, ka ce saboda kaza, ka kawo misali. Ƙannena mata, ku wannan ya fi shafa, don an fi koya muku yin shiru, kuma ba ku da majalisa a waje. Ku yi taku a cikin gida, ko ta kiran waya da ƙawayenku na makaranta. Ku kuma yayyensu maza, ku ara musu waya, ku saya musu data, kada ku zama masu dariyar.

Za ku ci karo da masu talla a Facebook da WhatsApp cewa za su samo muku takardar sakamako ba tare da zama ba, ko su ƙara muku maki. Ɓarayi ne. Jami'o'i da ofisoshin biza suna tantance kowane sakamako kai tsaye a rumbun masu jarrabawar, kuma wanda aka kama da jabu yana iya rasa damar shiga ƙasar shekaru masu yawa. Ko da a ce ba a kama ka ba, haramun ce, sannan wa zai saurari lacca a madadinka? Wa zai karanta takardar magani a asibiti, ran mutum yana hannunka? Satar amsar da ta zama ruwan dare a WAEC da NECO ita ce ta jefa da yawa cikin halin da suke ciki yau, takarda ta ce sun ci, baki ya kasa shaida.

Ina tare da masu cewa akwai rashin adalci a lamarin. Nijeriya da Turanci take karatu tun daga firamare har jami'a, amma Birtaniya ba ta sa ta cikin jerin ƙasashen da ta yafe wa jarrabawar ba, kuma a 2022 dubban 'yan Nijeriya sun sa hannu a takardar koke kan haka. Kuɗin ya haura naira 200,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000, ga shi bayan shekara biyu sai an sake. Koken yana kan hanya. Sai dai kafin a saurare shi, akwai ƙofar da yawancinku ba ku sani ba: jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar kiredit na Turancin WAEC a madadin IELTS. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar ka tambaya kafin ka kashe ko kwabo. Ku da ke ajin ƙarshe na sakandare, ku ji wannan da kyau. Kiredit ɗin da za ku ci da guminku bana, da tambaya 60 na Turanci a JAMB, su ne tushen duk abin da na lissafa, kuma wata rana suna iya tsare muku kuɗin da ya fi na buhunan gero da yawa.

In ya tabbata sai ka zauna IELTS, kada ka yi rajista sai gwajinka na gida ya kai makin da kake nema sau uku a jere. Ka tanadi fasfo tun da wuri, kuma sunan da ke jikinsa ya zama shi ne a rajista, harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Muhammad a nan, Mohammed a can, wannan ba ƙaramin abu ba ne. British Council tana da ofis a Kano da Abuja. Daga Dogon Daji ko ta Gusau da Funtuwa ka bi, ko ta Jega da Yawuri da Kwantagora, tafiyar yini ce, kuma kun san halin hanyoyin. Ka tafi da rana, ka isa da kwana biyu a hannu, ka je ka ga wurin tun jajibiri, ka yi barci. In sakamako ya fito sashe ɗaya ne ya gaza, ka tambaya ko cibiyar tana ba da damar sake wannan sashen kaɗai cikin kwana 60, wanda ake yi wa masu zama a kwamfuta, ka kuma tabbatar jami'ar da kake nema tana karɓar irin wannan sakamakon kafin ka biya.